Zuwa ga Habu, Kan Maganar Mishigan Bana

Ann Arbor, 20 ga Agusta, 2024

Assalamu alaikum Habu,

Da fatan kana lafiya, ya Hajiya, ya Maman Amira da yara, ya kuma damina? Allah ya sa a yi ta lafiya a samu abinci ya sauko, don labarin tsadar da nake ji daga gida yana hana ni barci wallahi. Na ji saƙon muryarka tun ranar Asabar, na fara amsawa sau biyu ina gogewa saboda tambayar da ka yi ba ta minti biyu ba ce, shi ya sa yau da na dawo daga aiki na ce bari in zauna in rubuto maka ita a tsanake kamar yadda muke yi da can lokacin da kake Zariya ni ina Kano.

Ka ce in faɗa maka ba kwana-kwana wasa nawa Mishigan, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar da ke garin nan, za ta ci bana. To ga shi tun daga farko don kar ka ce na yi ta zagaye: wasa 12 ne a tsarin kaka, ni lissafina za mu ci 9 a ci mu 3. Na san za ka ce haba, ƙungiyar da ta ci 15 bara ba a ci ta ko sau ɗaya ba? Ai nan ɗin ne maganar take, don ƙungiyar da ka hana idonka barci har ƙarfe ɗaya da rabin dare ka kalla ranar da ta lallasa Washintan 34 da 13 a wasan ƙarshe na kofin ƙasa a birnin Hustan cikin watan Janairu, wannan ƙungiyar babu ita yanzu, riga ce kawai ta rage iri ɗaya da hular nan mai zanen fiffike.

Abin da ya bambanta ƙwallon jami'a da namu na gida kenan, kuma shi ne abin da ya fi ba ni wuya in saba da shi. Ɗan wasa a nan ɗalibi ne, shekara uku ko huɗu ya gama ya tafi, ba kamar Pillars ba da za ka ga mutum ya shekara goma ana kiran sunansa a filin Sani Abacha. A watan Afrilu da ƙungiyoyin NFL, wato gasar ƙwararru, suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, mutum 13 suka kwashe daga Mishigan, ba a taɓa ɗibar mana haka ba a tarihin makarantar. J.J. McCarthy mai jefa ƙwallon nan da ka ce yana da sanyin kai, Minnesota Vikings sun ɗauke shi a na 10. Blake Corum ya tafi Rams, Roman Wilson ya tafi Steelers, Mike Sainristil da ke jan ragamar 'yan baya shi ma ya yi gaba. Sannan uwa uba koci Jim Harbaugh, ko wata ɗaya ba a yi da ɗaga kofi ba ya tattara ya koma Los Angeles Chargers, ya tafi da Jesse Minter mai tsara tsaro. Ni ban ga laifinsa ba, shekara tara ya yi, ya kawo abin da aka ɗauko shi ya kawo, amma gaskiya ranar da labarin ya fito garin nan shiru ya yi.

Wanda aka ba ragamar shi ne Sherrone Moore, shekararsa 38, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka ba cikakken kocin wannan ƙungiya, abin da ya yi min daɗi sosai ba zan ɓoye maka ba. Ba baƙo ba ne, shi ke koyar da layin gaba tun kafin a ɗaga shi, kuma bara da Big Ten, gasar jami'o'in da muke ciki, ta dakatar da Harbaugh wasa uku kan rigimar satar alamun hannu na abokan karawa, shi ya tsaya a gefen fili aka ci Penn State 24 da 15, aka ci Maryland, aka ci Ohayo (Ohio State), babbar abokiyar hamayyarmu, 30 da 24. Wasan Penn State ɗin nan ina so ka riƙe shi don shi ne zai nuna maka irin tunanin mutumin: sau 32 a jere aka danƙa wa mai gudu ƙwallo aka kutsa, ba a yi jifa ba, kowa a filin ya san abin da za a yi kuma aka kasa tarewa. Da aka tashi ana hira da shi a talabijin kuka ya fashe da shi. Mutum ne mai zuciya, yaran suna sonsa, amma riƙon ƙwarya na sati uku da ƙungiyar da wani ya gina daban, riƙe gida shekara guda daban, ga shi binciken NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, kan waccan rigimar har yau ba a rufe shi ba.

Yanzu a nan duk inda ka shiga, shagon aski ne ko gidan rediyo, magana ɗaya ce: wa zai zama kwatabak, wato mai jefa ƙwallo wanda komai ke bi ta hannunsa. Har yau da nake rubuto maka Moore bai faɗi suna ba. Akwai Alex Orji, daga jin sunan ka san jinin Nijeriya ne duk da a Teksas ya tashi, ƙato ne kuma yana da gudu, in ya taho da ƙwallo sai ka tausaya wa mai tare shi, ni dai zuciyata tana wajensa ka san dalili. Matsalar ita ce bara duk sanda aka sako shi gudu yake yi, ba mu ga jifansa ba, kuma ba a cin manyan ƙungiyoyi da ƙafa kawai. Akwai Davis Warren wanda ya yi fama da sankarar jini yana sakandare Allah ya tashi kafaɗarsa, ya shigo ƙungiyar ba tare da an ba shi tallafin karatu na 'yan wasa ba, ya yi ta haƙuri a benci. Akwai kuma Jack Tuttle da ya daɗe a harkar amma rauni ya ƙi barinsa. Mutum uku ana ta muhawara a kansu kwana goma sha ɗaya kafin wasan farko, ai ka san da akwai wanda ya fita zakka da tuni an daina maganar.

Amma Habu ni ba ma kwatabak ɗin ne ya fi damuna ba, kuma nan ne nake saɓawa da mutanen wajen aikinmu. Layin gaba ne. Ka tuna ƙattan nan biyar da ke durƙusawa a gaba waɗanda ka ce kamar 'yan kokawa, waɗanda ba su taɓa ƙwallo sai na tsakiyarsu? Duk nasarar shekara ukun nan a kan wuyansu aka gina ta, sau biyu a jere, 2021 da 2022, suna karɓar kyautar layin da ya fi kowanne a ƙasar. To manyansu duk sun tafi, su Zak Zinter da Trevor Keegan, za a haɗa sabon layi ne da irin su Myles Hinton da Josh Priebe da ya taho daga Northwestern. Aikin layin gaba kamar aikin gayya ne, ba ƙarfin mutum ɗaya ba ne, sai kowa ya san inda na kusa da shi zai aje ƙafa ba tare da ya duba ba, kuma wannan ba ya samuwa a atisaye, sai an sha wuya tare. In layin ya tsaya, ko wa aka sa a baya zai yi abin kirki, Donovan Edwards zai samu ƙofa, kuma ka ga abin da yake yi in ya samu ƙofa, shi ne ya zura biyun nan masu nisa a farkon wasan Washintan, yadi 41 da yadi 46. Ga Kalel Mullings mai ƙarfin tsiya a bayansa, ga Colston Loveland da nake ganin babu kamarsa a gurbinsa a duk ƙasar. In kuma layin bai tsaya ba to duk waɗannan sunaye ba za su amfana mana komai ba.

Abin da ya sa ban sauko ƙasa da 9 ba shi ne tsaro. Mason Graham da Kenneth Grant a tsakiya, wallahi ganin su biyun nan gefe da gefe ma abin tsoro ne, ƙungiya sai ta sa mutum biyu a kan ɗaya sannan ɗayan ya samu hanya. Will Johnson kuma yana nan a gefe, shi ne ya cafke ƙwallon nan a bugun farko bayan hutun rabin lokaci a wasan kofi. An kawo Wink Martindale daga NFL ya karɓi tsaron, tsoho ne a harkar kuma an san shi da son tura mutane da yawa su afka wa mai jifa, wani lokacin abin ya yi kyau wani lokacin a bar baya a buɗe. Rashin Rod Moore da ya ji ciwo a gwiwa tun bazara zai taɓa mu. Duk da haka ƙungiyar da za ta ci mu da maki da yawa bana sai ta shirya.

To ga yadda na bi jadawalin. Wasa takwas a gida muke, biyar na farko duk a Big House, filinmu da ke cin mutum 107,601, ka yi tunanin wannan adadin, duk Asabar ɗin wasa garin nan cika yake har ka rasa inda za ka aje mota. Fresno State ranar 31 ga Agusta za mu ci amma ba da sauƙin da mutane ke zato ba. Sai Teksas ranar 7 ga Satumba, kuma nan na sa faɗuwar farko. Suna da Quinn Ewers wanda ya kai su wasan kusa da na ƙarshe bara, suna da koci Steve Sarkisian da ya san kan jifa, su ne na 4 a jerin da 'yan jarida suka fitar mu muna na 9, kuma sun zo mana da wuri tun layinmu bai gama sanin juna ba. Da a Nuwamba ne da na yi gardama. Arkansas State ba magana. USC ranar 21 ga Satumba ita ce wasan da zai faɗa mana gaskiyar kakar, sun rasa kwatabak ɗinsu Caleb Williams kuma tsaronsu bara ragaɓa ne, ina ganin za mu danne su da gudu. Minnesota ma za mu ci, mu riƙe tulun nan da mu da su muke takara a kansa tun zamanin kakanni.

Tafiyar Siyatil wajen Washintan ranar 5 ga Oktoba tana ɗan tayar min da hankali, ba don ƙungiyar ba, su ma an kwashe su kamar mu, kocinsu Kalen DeBoer ya koma Alabama gadon Nick Saban. Nisan ne, da bambancin awa uku, da kuma cewa shi ne karon farko da sabon kwatabak ɗinmu zai ji ihun filin da ba nasa ba, ga su da haushin Janairu a ransu. Na ba mu ita amma da hannu a ƙirji. Illinois, Michigan State, Indiana da Northwestern duk na lissafa mana su, duk da Indiana ta yi sabon koci, Curt Cignetti, mai yawan cika baki. Oregon ranar 2 ga Nuwamba ita ce ta biyu da na sa za a ci mu, ko da yake a gidanmu ne, kocinsu Dan Lanning ya tara mutane ya kuma ɗauko kwatabak Dillon Gabriel daga Oklahoma, yaron da ya daɗe yana jifa a wannan mataki.

Sai ta ƙarshe, 30 ga Nuwamba a Kolombos, gidan Ohayo. Habu hannuna bai so rubuta wannan ba. Shekara uku muna cin Ohayo, 42 da 27, 45 da 23, 30 da 24, kuma kocinsu Ryan Day ya san in ya sake faɗuwa mutanensa ba za su bar shi ya sha ruwa ba. Shi ya sa suka buɗe bakin aljihu, yanzu da doka ta yarda ɗalibi ya samu kuɗi da sunansa, suka riƙe manyansu da ya kamata su tafi NFL, suka ɗauko Caleb Downs daga Alabama, Quinshon Judkins daga Ole Miss, Will Howard daga Kansas State, har Chip Kelly ya bar kujerar babban koci a UCLA ya zo yana tsara musu hari. A takarda sun fi mu ko ta ina, shi ya sa na sa ta a cikin ukun. Amma ka sani ranar nan ba zan zauna ina jiran a ci mu ba, don na ga yadda suke rikicewa in aka kai zango na huɗu Mishigan tana ta kutsa musu ta tsakiya, kuma Graham da Grant za su iya hana su gudu. In aka ce in zaɓa tsakanin cin 10 a faɗi a Kolombos da cin 7 a doke su a gidansu, ni da yawancin mutanen garin nan ta biyun za mu ɗauka ba tare da tunani ba, kamar dai yadda kake ji in Pillars za ta kara da Enyimba.

Maganar wasannin kofi kuma, bana an faɗaɗa daga ƙungiya 4 zuwa 12, saboda haka 9 da 3 ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, musamman in waɗanda suka ci mu su ne na 2 da na 3 da na 4 a ƙasar. Sai dai Big Ten ɗin yanzu ƙungiya 18 ce tun shigowar USC da UCLA da Oregon da Washintan, masu neman gurbin sun yi yawa, ni ina ganin a bakin ƙofa za mu tsaya, mu tafi wani wasan ƙarshen shekara a Fulorida. In aka samu haka a shekarar farko ta Moore ni ban da ƙorafi.

Wasan Fresno ƙarfe goma sha biyu da rabin dare ne a agogonku, kar ka wahalar da kanka ga aiki ga matsalar wuta, zan turo maka yadda aka yi da safe. Na Teksas ne nake so ka nema, ƙarfe biyar na yamma zai kama a wajenku, ka yi la'asar ka zauna, kuma don Allah wannan karon kar ka bi ƙwallo da ido, ka kalli ƙattan nan biyar na gaba a bugu goma na farko ka faɗa min abin da ka gani. Ka aje wannan wasiƙar, ka rubuto min naka lissafin kafin 31 ga wata mu gwada a Disamba.

Ka gaida Hajiya da kyau ka ce ina neman addu'a, ka gaida Maman Amira da mutanen majalisa gaba ɗaya. Rigar da na ce zan aiko wa Amira na saya, mai ruwan ɗorawa da shuɗi, tana nan sai an samu mai tahowa.

Naka har kullum,
Nasiru