Wasiƙa Zuwa ga 'Yata Mai Jinya

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya mai jiki? Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi, ya sa kaffara ne. Ke fa, ya naki jikin? Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don duk wanda ya shigo gidanku ita yake dubawa, ke kuwa sannu kawai ake miki a wuce.

Shekara biyu ke nan kina jinyar surukarki tun da ciwon mantuwa ya kama ta. Kin ce kina farkawa ƙarfe uku na dare ba ki sake runtsawa, kin daina ɗaga wayar ƙawayenki, kuma ran nan da ta maimaita tambaya ɗaya sau goma kika daka mata tsawa, sannan kika kulle kanki a banɗaki kika sha kuka. Kika ce wai haƙurinki ne ya yi ƙaranci. Ban yarda ba. Wanda ya yi shekara biyu yana wanke babba, yana juya shi, yana gadinsa dare da rana, ba a ce masa marar haƙuri. Kaya ne ya fi ƙarfin wuya ɗaya, kuma ina so ki je ki ga mai ba da shawara, wato masanin halayyar ɗan'adam ko ma'aikacin lafiya da aka horar a kan wannan aiki.

Ki fara da bambance gajiya da ciwon damuwa. Gajiya tana sauka in an sami barcin kwana biyu. Ciwon damuwa ba ya sauka. Alamarsa ita ce ƙuncin zuciya, ko fitar sha'awar duk abin da a da kike jin daɗinsa, kusan kullum har mako biyu ko fiye, ga rikicewar barci, da mantuwa, da ganin laifin kai a komai. Akwai takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 27. Wanda ya kai 10 yana bukatar a duba shi da kyau. Akwai kuma ma'aunin Zarit mai tambayoyi 22, shi nauyin jinyar kansa yake aunawa. Ki amsa da gaskiya, kar ki rage don kunya. Ki kuma roƙi likita ya duba jininki, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, kan kawo irin wannan kasala.

Kar ki ɗauka zuwa za ki yi a ce miki ki ƙara haƙuri. Aiki ne mai tsari da adadin zama. A Landan, Farfesa Gill Livingston da abokan aikinta sun gwada wani shiri mai suna START a kan masu jinya 260, zama 8 kacal, aka buga sakamakon a 2013: damuwa da fargaba sun ragu, kuma bayan shekara 6 amfanin bai gushe ba. A Amurka an gwada wani shirin mai suna REACH II a kan masu jinya 642, zama 12 cikin wata 6. A ƙarshe kashi 12.6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa shirin ne ke da ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 22.7.

Abin da za a fara sa ki shi ne ki ajiye ɗan littafi. Duk lokacin da Hajiya ta rikice, ki rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me ta yi, ke kuma me kika yi. Ki sa lokaci. Ɗauki maganar wanka da kika ce kullum sai an yi daga. Bayan mako guda kina rubutawa, za ki iya tarar da cewa rigimar ta fi tashi in an yi wankan da yamma, lokacin da masu wannan ciwo suka fi ruɗewa, ko in an tuɓe ta gaba ɗaya a ɗaki mai sanyi, ko in an jero mata umarni uku a numfashi ɗaya. Sai ku zaɓi abu guda ku canza: a mai da wankan safe, a bar tawul a kafaɗarta, a faɗi magana ɗaya a jira ta gama. Abu guda na ce, domin in kin canza uku a tare ba za ki san wanda ya yi aiki ba. Ki gwada mako guda, ki koma da littafin. Kuma ki daina gardama da ita. In ta ce za ta tafi gidansu, kar ki ce ai nan ne gidanki. Ki ce ta ba ki labarin gidan, ki ja ta zuwa wani abu. Wurin da ke riƙe sabon bayani a ƙwaƙwalwarta ne ya lalace, hujja ba ta da inda za ta zauna.

Sai kuma tunaninki. Za a koya miki ki kama maganar da kike faɗa wa kanki a daidai lokacin da ranki ya ɓaci, kamar "da gangan take yi" ko "in na huta na ci amana", ki rubuta ta, ki auna ta da abin da ya tabbata, ki sa wadda ta fi gaskiya a madadinta: "ciwon ne ke magana, ba ita ba". Da farko za ki ji kamar wasan yara. Ki daure, sai an maimaita yake kamawa. Haka numfashi: ki ja a hankali har cikinki ya taso kina ƙirga uku, ki sake kina ƙirga uku, na minti biyu zuwa biyar. Ki saba da shi lokacin da kike cikin natsuwa, don ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo.

Za a kuma sa ki tsara abu ɗaya mai faranta rai kowace rana, ko na minti 20, a rubuce da lokacinsa. Kar ki jira sai kin ji sha'awa. A ciwon damuwa yi ne ke gaba, sha'awar ta biyo baya.

Yanzu ga wadda ta fi muhimmanci a wurina. A Jami'ar New York, Mary Mittelman ta bi mutum 406 masu jinyar mazajensu ko matansu. Zama 6 aka yi musu cikin wata 4, amma 4 daga ciki da dangi aka yi, kuma sauƙin damuwar ya kai shekara 3. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki nemi a yi zama guda da maigidanki da 'yan'uwansa a gaban mai ba da shawara, don abin da nauyin baki zai hana suruka faɗa, shi zai faɗe shi ba tare da an ga rashin kunya ba. Kar ki ce "ku riƙa taimakawa", wannan kowa zai ce to ya tafi. Ki je da ayyukan a rubuce: wa zai kwana da ita daren Juma'a da Asabar, wa zai kai ta asibiti, wa zai karɓe ki awa uku ran Talata. Suna, rana, lokaci. In an karɓe ki kuma, ki fita daga gidan ko ki kwanta. Masu jinya da yawa wanki da shara suke yi da wannan hutun, su dawo da gajiyarsu yadda take.

Wasu kan daina zuwa bayan zama biyu, don tona abin da aka daɗe ana dannewa yakan sa a fara jin nauyi kafin sauƙi. Wasu kan je amma ba sa taɓa aikin gida. In kin yi zama huɗu babu tsari, babu abin da aka ce ki gwada, ki tambaya, ko ki nemi wani. In fita ta gagara, ana yi ta waya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da darussan iSupport a 2019 domin masu jinyar ciwon mantuwa. In likita ya rubuta miki maganin damuwa, ki sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya fara aiki, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Kar ki sha maganin barcin Hajiya.

In kuwa kika ji tunanin gara mutuwa, ko kika ji hannunki na neman kai mata duka, ki tabbatar tana wurin da ba za ta faɗi ba, ki fita daga ɗakin, ki kira maigidanki ko ni, kuma a ranar za ki ga likita, ba gobe ba.

Ki tambayi likitan Hajiya a zuwanku na gaba wa zai tura ki wurinsa. In kin sami ranar zaman farko ki faɗa mini, ni zan zo in zauna da ita. Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.