Ba kwalba ke nuna halin mai turare ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai sayar da turare ne a babbar kasuwar Garwa, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Ina neman fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta cika bakin samari da 'yan mata. Yaro zai zo rumfa da waya a hannu, ya ce a ba shi turaren da maza da mata ke shafawa, wanda zai dace da halinsa. An gaya masa wai mai son ud jarumi ne, mai son ƙamshin lemo mai fara'a ne, mai son fure kuwa zuciyarsa taushi gare ta. Abin yana damuna, domin da wannan zancen ake karɓe kuɗin yaran mutane.

Turaren da bai ware mace da namiji ba ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Turawa sun yi ta ɗokin CK One da kamfanin Calvin Klein ya fitar a 1994 kamar an ƙirƙiro sabon abu. Mu kuwa Bintu Sudan, wanda aka fara haɗawa tun wajen 1920 kuma ake yin sa a Kano, kakanninmu maza na ɗiga shi a wuyan babbar riga ranar Juma'a, kakanninmu mata na zuba shi a humra, daga 'yar kwalba ɗaya. Haka almiski, haka sandal. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira ya ce turaren maza shi ne wanda ƙamshinsa ya bayyana launinsa ya ɓoyu, na mata kuwa launinsa ya bayyana ƙamshinsa ya ɓoyu. Malamanmu sun ce wannan idan mace za ta fita ne. A ɗakinta ta shafa abin da ranta ke so. Iyakar tana ga inda ƙamshin zai kai da wanda zai shaƙe shi.

Gaskiya ne turare ɗaya kan fito daban a jikin mutum biyu, kuma wannan ne ya ruɗi mutane. Ina da wasu ma'aurata da ke sayen haɗin sandal da almiski, kwalba ɗaya suke rabawa. Maigidan ɗan acaba ne, yini yake cikin rana da ƙura, kafin la'asar sandal ɗin ya yi kaifi a jikinsa, ya gauraya da gumi da hayaƙin babur. Uwargidan kuwa ba ta sa tufafi sai ta turara su a kan kasko, sai almiskin ya kwanta a kan turaren wutar, ya fito da zaƙi. In ba an gaya maka ba, ba za ka yarda abu ɗaya suka shafa ba. Fata mai maiƙo na riƙe ƙamshi, busasshiyar fatar hunturu na sakinsa da wuri. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, turaren fesawa mai sinadarin barasa tashi yake kafin ka isa bakin Binuwai, na mai shi ke zama. Sana'ar mutum da sabulunsa da yanayin garinsu ke fitowa a nan, babu ruwan jarumta.

Inda na ga hali na bayyana shi ne wajen shafawa. Akwai wani dattijo da nake sallar Juma'a kusa da shi. Zai zaro 'yar kwalba daga aljihu, ya taɓa tsinken a bayan hannu, ya murza, ya shafa gemu, sannan ya miƙa wa na damansa da na hagunsa. Ba wanda ke ƙi, tunda Annabi (SAW) ba ya mayar da kyautar turare. Sai ka matso ka gaishe shi za ka ji ƙamshinsa. Ga kuma wanda zai yi wanka da turare ya shiga motar Marwa, mai juna biyu na toshe hanci, mai asma na tari, shi ko a jikinsa. Wani haka zai je dubiya asibiti. Wataƙila turare iri ɗaya suka saya a wurina, amma ɗaya ya tuna akwai mutane kusa da shi, ɗaya bai tuna ba.

Ku dubi matan Kusiri da Injamena wajen haɗa humra. A jiƙa farce, wato murfin wani dodon koɗi na teku, a kankare shi tas, a soya, a daka, a haɗa da sandal, a rufe kwalba a bar ta ta tsumu makonni. Mai gaggawa ba ta iya wannan aiki, humrarta ƙarni take yi. Wannan haƙurin da tsaftar, hanci na iya jin su.

Kirana ga 'yan uwana masu sana'a: mu daina yi wa mai saye duba da kwalba. A ɗiga masa a hannu, a ce ya zaga kasuwa ya dawo, domin ƙamshin farko gushewa yake, na ƙarshe ne zai yini da shi. Mu kuma faɗi gaskiyar kaya. Ud na asali daga wani itace ake samunsa a Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, sai itacen ya kamu da cuta yake fitar da ƙaron mai ƙamshi, shi ya sa yake da ɗan karen tsada. Wanda muke bayarwa jaka biyu haɗin kamfani ne, kuma mai saye na da haƙƙin a gaya masa haka kafin ya biya.

Wassalam.

Naku,
Mai turare, Garwa, Kamaru