Zuwa ga Auwalu, kan maganar jarumin nan naka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya karatu, ya sanyin Jamus? Ina fatan Maman Hanif da yara suna lafiya. Nan kowa ƙalau, Hajiya na gaishe ka, ta ce wai ka manta da ita.

Na karanta labarin katun ɗin da ka turo min ta WhatsApp, kuma tunda ka ce kar in ɓoye maka komai to ga ta nan: yaron nan jarumin naka ba ya shiga rai ko kaɗan. Baƙar magana ta yi masa yawa, duk wanda ya matso sai ya yarfa shi, wallahi ina karantawa ina jiran wanda zai zo ya zane shi. Amma kar ka ji haushi, masu Toy Story, katun ɗin nan na kayan wasan yara masu rai, su ma sun faɗa wannan ramin.

A 1991 kamfanin Pixar, masu yin katun da kwamfuta, suka ƙulla yarjejeniyar yin fim ɗin da Disney, lokacin ba wanda ya taɓa yin cikakken dogon fim da kwamfuta zalla, su kansu gajeru suka saba yi, irin Tin Toy na 1988 da ya ci Oscar. To jarumin wancan gajeren, Tinny, ɗan abin wasa na gwangwani mai kiɗa, shi darakta John Lasseter ya so ya ja fim ɗin, tare da wani mutum-mutumi irin wanda mai wasa ke ɗorawa a cinya yana motsa masa baki kamar shi ke magana. Daga baya suka ga yaron zamani ba zai haukace a kan gwangwani mai ganga ba, sai Tinny ya koma ɗan sama jannati, aka fara kiransa Lunar Larry kafin a tsaya kan Buzz Lightyear, sunan da aka aro daga Buzz Aldrin wanda ya taka wata. Shi kuma mutum-mutumin ya zama kaboyi, Woody kenan.

Ga inda ta shafe ka. Jeffrey Katzenberg, ogan fina-finai na Disney a lokacin, duk sanda aka kai masa aiki sai ya ce a ƙara yaji, a sa zafi, yana so manya ma su kalla ba yara kaɗai ba, su kuma da yake sabbin shiga ne sai su ce to ranka ya daɗe su koma su ƙara, a haka a haka har Woody ya zama azzalumin shugaba mai yi wa sauran kayan wasa tsawa da zagi. Ka san ba sa fara haɗa fim a kwamfuta sai sun zana labarin da hannu a takardu, su jera su ɗauka da muryoyi kamar fim, a zauna a kalla. Ranar 19 ga Nuwamba 1993 suka nuna wa manyan Disney rabin farko a haka. A ciki Woody da gangan yake wurga Buzz ta taga, ko a jikinsa, sauran kayan wasan suka taso masa shi kuma yana ta zazzaga musu rashin mutunci. Disney suka ce a dakatar da aiki. Har yau ana kiran ranar Baƙar Juma'a.

Lasseter ya roƙi a ba su sati biyu su gyara yadda su suke so. Shi da Andrew Stanton da Pete Docter da Joe Ranft suka duƙufa, Steve Jobs mai kamfanin Pixar yana riƙe su da kuɗin aljihunsa, sai a Fabrairun 1994 Disney ta yarda a ci gaba.

Abin da ya fi burge ni, ba su cire wa Woody kishin ba, da sun cire da fim ɗin ya zama lami. Abin da suka yi shi ne suka bari muka fara ganinsa yana kula da jama'arsa, yana tara su taro kan maganar tashi daga gidan, yana kwantar musu da hankali cewa Andy, yaron da ya mallake su, ba zai yar da kowa ba, sannan Buzz ya sauka a kan gadon, aka canza zanin gado da hotunan bango duk suka koma na Buzz. Uwargida ce aka yi wa amarya, kowa ya ga haka ya san me ke cin ta. Maganar tagar ma tana nan, sai dai yanzu so yake ya tura Buzz bayan tebur kawai don a tafi da shi wajen cin fiza, abin ya ƙwace masa Buzz ya faɗa waje. Laifi dai ya yi, amma irin wanda za ka ce kai Woody me ya kai ka, ba ka tsane shi ba.

Buzz ma sai da suka gane cewa bai san shi abin wasa ba ne sannan ya yi daɗi, shi ya sa wurin da ya ga tallarsa a talabijin a gidan Sid, mugun yaron maƙwabtansu, ya gwada tashi ya faɗo hannu ya cire, yake taɓa har babba. Fim ɗin ya fito Nuwamba 1995, aka sa shi takarar Oscar ta rubutun labari, karon farko ga katun.

Don haka kar ka mayar min da yaron nan waliyyi, ka bar masa bakinsa. Kawai ka nuna mana me aka ƙwace masa kafin ya fara, ni ina ganin zuwan ƙanin nan da ka ambata a layi ɗaya ka wuce, nan labarin yake. Wurin da ya fasa wa ƙawarsa kwalba kuma ka sake dubawa, dole ne ya zama da gangan?

In ka gyara ka turo, amma dan Allah ba voice note mai tsawon huɗuba ba, data ta yi tsada. Ka shafa min kan Hanif.

Naka,
Nura