Kore ne ko rawaya? Wahalar karanta launin gwajin ruwan kifin ado

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da na san da yawa za su ce ƙarami ne, amma mu masu kiwon kifin ado a tankin gilashi cikin gida shi ne yake hana mu barci. Maganar kayan gwajin ruwa ce, irin wanda ake ɗiga magani a 'yar kwalba a jira ruwan ya canza launi sannan a kara shi da kati a ga lambar da ya yi daidai da ita.

Ga wanda bai taɓa kiwon ba, kifi yana fitar da amoniya a ruwan da yake ciki, ragowar abincin da ya ruɓe ma haka. Bakteriyar da ke zaune cikin filta, wato matatar ruwan tankin, su ke mayar da ita naitirayit, wasu kuma su mayar da naitirayit ɗin naitireti. Biyun farko guba ne, sifili ake so a gani, na ukun kuwa taruwa yake a hankali sai ka canza ruwa ya ragu. Kuma ruwan zai iya zama fes ka ga kamar ka sha alhali da guba a ciki, shiyasa ba makawa sai an gwada.

To gwajin kansa ba wuya, yaro ma zai yi. Ka ɗebi ruwa mililita 5 zuwa layin da ke jikin kwalbar, a nawa kayan na amoniya ɗigo 8 daga kwalbar magani ta farko, 8 daga ta biyu, ka rufe ka girgiza ka jira minti 5. Daga nan ne rigima take farawa. Katin ya ce rawaya sifili ne, rawaya mai ɗan kore-kore 0.25, wanda ya ƙara kore 0.5, haka har zuwa kore shar a kan 8. Wallahi Edita tsakanin sifili da 0.25 ɗin nan na sha tsayawa sama da minti goma ina juya kwalba kamar mai duban jabun kuɗi.

Wani dare na gwada a ƙarƙashin ƙwan LED na falo, irin mai farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi ɗin nan, na ga kore ƙiri-ƙiri. Na kira uwargida na ce zo ki duba min, ta ɗaga ta ce maigida ai wannan rawaya ne, 'yata ta leƙo ta ce Baba ni dai kore-kore nake gani. Biyu da ɗaya ke nan, hankalina ya tashi, na kwashe fiye da rabin ruwan na zuba sabo, kuma abin da har yau nake jin haushin kaina a kai shi ne na cire soson filta na wanke shi tas a famfo wai ina tsafta, na manta kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe bakteriyar da su ne ma suke cinye amoniyar. Da safe na sake gwada ragowar tsohon ruwan da na bari a bokiti, a bakin taga, rawaya zalla. Babu komai a ruwan tun farko. Bayan 'yan kwanaki kuma sai ga amoniya ta gaske ta taso, wannan karon kore ne da ba ya buƙatar shaida, kifi biyu suka mutu.

Na naitireti ya ma fi ban haushi. Akwatin 10 da na 20 a katin duk ruwan lemo ne, na 40 da na 80 duk ja ne, in akwai bambanci to wanda ya buga katin ne kawai ya san shi. Alhali 40 da 80 ba wasa ba ne, ninki ne. Ga shi kuma kwalbar magani ta biyu sai ka girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30 saboda garin da ke ciki kwanciya yake a ƙasa, bayan ka ɗiga kuma ka girgiza ta gwajin minti 1 cur, in ka yi ganda sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya ka kwanta kana murna. In ka wuce minti 5 ba ka duba ba ma launin yana iya ci gaba da duhu.

Har idona na zarga. Na je aka nuna min katunan nan na gwajin makantar launi masu ɗigo-ɗigo da lamba a ɓoye a tsakiya, waɗanda likitan Japan Ishihara ya fito da su a 1917, na karanta su duka ba gargada. Kenan mai lafiyar ido ma yana shan wahala, ina ga mai makantar launi? Kuma ba kaɗan ba ne su, a cikin Turawa kusan namiji 1 cikin 12 yana da ita, mata kuwa wajen 1 cikin 200, kuma mafi yawansu ja da kore ne suke rikita musu. Duba fa, katin amoniya daga rawaya zuwa kore yake tafiya, na naitireti daga rawaya zuwa ruwan lemo zuwa ja, kamar da gangan aka zaɓo launukan da suka fi ba su wahala. Tun 1794 John Dalton na Ingila ya yi bayanin wannan matsala a kan idonsa, ba sabon labari ba ne da masu haɗa kayan za su ce ba su ji ba.

Akwai kuma abin da sai daga baya na gane. Launin kati tawada ce a kan takarda, haske yana dukanta ya dawo idonka, shi kuwa na kwalba ruwa ne haske yana ratsa shi ya wuce, to ta yaya za su zama iri ɗaya sak? Ka manna kwalbar a jikin katin ka ga launi ɗaya, ka ɗan janye ta ka ga wani. Katin ma in ya daɗe yana shan rana ko ya sha jiƙa dusashewa yake. Masu cewa a ɗauki hoto da waya a tura wa abokai su duba, kyamarar waya ai gyara launi take da kanta, sannan kowa fuskar wayarsa daban, mutum biyar za su ba ka amsa biyar.

Ni dai yanzu na daina gwaji da dare. Da rana nake yi kusa da taga inda rana ba ta dukan wurin kai tsaye, in sa kwalbar a kan farin ɓangaren katin. Sannan kullum kwalba biyu nake haɗawa, ɗaya ruwan tanki ɗaya tataccen ruwa wanda na san ba komai a cikinsa, in jera su kafaɗa da kafaɗa, in launinsu ɗaya to sifili ne ko me katin ya ce. Na naitireti kuma in ya shiga ja sai in raba, rabi ruwan tanki rabi tataccen, abin da ya fito in ninka shi biyu. Yana taimakawa amma dabara ce ta wanda aka bari da Allahnsa.

Kirana ga masu haɗa kayan nan ne. Gwajin taurin ruwa, GH da KH, ai ƙirga ɗigo ake har launi ya juye gaba ɗaya, lamba ce a hannunka ba sai ka kira 'yan gida shaida ba, in da hali a nemo wa sauran irin wannan hanyar. In babu, a ƙalla a buga akwatunan launin manya, a raba 40 da 80 yadda ido zai gane, a rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali irin hasken da za a duba a ciki. Na san akwai 'yan na'urori masu batir da ke karanta launin su nuna lamba, sai dai yawancinsu kowane abu da tasa na'urar, mai tanki ɗaya da kifi goma ba zai tara su ba.

In akwai masu kiwo cikin masu karanta jaridar nan, musamman masu makantar launi, ina so su rubuto su faɗa mana yadda suke yi da katin naitireti.

Na gode Edita.

Naka,
Mai karatu, mai kiwon kifin ado