Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya (IMO), Arsenio Dominguez, kan jarrabawar ofisoshin jiragen ruwa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malami ne mai koyar da matasan da ke shirin zama ofisoshi a jiragen ruwa na dakon kaya. Na rubuto maka ne kan maganar makin cin jarrabawa, tunda yanzu hukumarka tana sake bitar yarjejeniyar STCW, wato ta ƙa'idojin horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ba su satifiket, gaba ɗayanta.

Tun 1978 aka ƙulla yarjejeniyar nan a Landan, aka yi mata babban gyara a 1995, aka sake yi a Manila a 2010, kuma tsakani da Allah ta yi ƙoƙari. Ta ce wanda zai riƙe duti a ɗakin tuƙin jirgi mai tan 500 zuwa sama sai ya kai shekara 18, sai ya yi wata 12 a teku cikin horon da aka amince da shi, ko wata 36 in ba cikin irin wannan horon ba, ta kuma jera abin da zai sani dalla-dalla. Amma da aka zo kan maki nawa ne ci, da sau nawa mutum zai iya maimaita takardar da ya faɗi, sai ta yi shiru ta bar wa kowace ƙasa ta yanka nata. A Amurka, kashi 70 ake nema a yawancin takardu amma a dokokin kauce wa karo sai ka kawo 90. A Birtaniya bayan ta rubutu akwai ta baka, ka zauna gaban mai jarrabawa ya yi ta juya ka. Wasu wuraren kuwa abin bai kai haka tsauri ba, amma satifiket ɗin da za a bayar sunansa ɗaya, kuma da shi mutum zai hau jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa daban.

Abin da ya fi damu na shi ne haɗa maki. Yaro ya yi rauni a dokokin karo, ya ci sosai a wani fanni, a tara a raba a ce ya wuce. To ranka ya daɗe, ƙarfe uku na dare ga jirgi ya ɓullo ta damarsa yana nuna masa jar fitila, kyaftin yana barci, shi kaɗai ne da mai duba hanya, wane maki ne zai ranto daga wata takarda? Dokar COLREG ta 1972, wato ta kauce wa karo a teku, ta ce shi ne zai kauce, kuma kada ya gifta ta gaban wancan. Ko dai ya san wannan kamar sunansa, ko kuma a yi asarar rayuka. Haka lissafin daidaiton jirgi don kada ya kife, in aka yi lodi ba daidai ba gyara a tsakiyar teku yana da wuya.

Ga kuma hadda. Inda tambayoyin canki-canka suka daɗe ba a sauya su ba, yara haddace amsa kawai suke yi, ka ɗan juya tambayar sai ka ga ido ya raina fata.

Don haka ina roƙonka, a wannan bita a sa mafi ƙarancin maki na bai ɗaya a dokokin karo da lissafin hanya da daidaiton jirgi, kowanne a ci shi shi kaɗai ba tare da wani ya ɗauke shi ba. A tilasta wa ƙasashe su wallafa ƙa'idojin jarrabawarsu tun kafin ranar, kuma duk wanda ya faɗi a nuna masa inda ya faɗi, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, don wasu yaran bashi iyayensu suka ci kafin su kai wannan kujerar. Sannan ƙasar da ba ta nuna yadda take gyaran takarda ba, a sake duba zamanta a jerin ƙasashen da IMO ta ce suna cika sharuɗɗa.

Na gode, Allah ya taimake ka.