Dakta ya ce mu ne ba mu waye ba, ya zo Panteka mu nuna masa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ni ba mai rubuto wasiƙa ba ne, sauraro ne nawa, amma shirinku na rediyo na daren Laraba ya tsaya min a rai. Daktan nan da kuka gayyato ya ce wai su a jami'a sun gama nasu, duk shekara suna yaye yara masu ilmin kula da muhalli, matsalar kawai jama'a ne ba su waye ba. Shi kuma mai gabatarwa sai "haka ne Dakta, haka ne Dakta" yake ta yi har sau uku, na ƙirga. Haka ne me?

'Yata tana aji uku a wannan kwas ɗin da yake magana a kai, ni nake biyan kuɗin makaranta, ni nake biyan kuɗin handawut, kuma ni take ba takarda in riƙe mata in jarabawa ta matso tana kawowa da ka kamar mai biya hadda a gaban malam. Saboda haka abin da suke koya wa yaran nan ni ma na haddace shi ba da niyya ba. Taron duniya kan muhalli na Sitokhom 1972. Rahoton Brundtland kan ci gaba mai ɗorewa 1987. Taron Riyo 1992. Sharar gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 har ta sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya wato FEPA, dokar auna illar aiki ga muhalli kafin a fara shi ta 1992, NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli 2007, dokar sauyin yanayi 2021. Muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 wai za a cimma kafin 2030, in ka tashe ta daga barci za ta jero maka su, na 6 ruwa da tsafta, na 11 birane, na 13 yanayi. Wallahi yarinyar nan tana da ƙoƙari, ba yabon kai ba.

To daminar da ta wuce, cikin watan Agusta, aka yi ruwan nan na dare da ya ɗauki awanni bai tsaya ba. Lambatun da ke bayan layinmu a Tudun Wada ya toshe da ledar fiya wata da robar lemo da famfas ɗin yara, ruwa ya rasa hanya ya biyo ta zaure ya shigo mana tsakar gida har gwiwa. Ina ɗaga buhun masara uwarta na kwashe yara, ita kuma abin da ta fara ɗorawa saman wadirof handawut ɗinta ne don tana da tes ranar Litinin, kuma tes ɗin a kan ambaliya ne, ban ƙara ko gishiri ba. Da safe muka taru ƙofar gidan mai unguwa kowa wando a naɗe, sai wani dattijo ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ga 'yar gidan wane tana karantar abin a jami'a, a kira ta ta rubuta mana takardar koke. Aka kira ta. Mai unguwa ya ce 'yata wa za mu rubuta wa, ƙaramar hukuma ko KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, ko ma'aikatar muhalli, wa ke da alhakin lambatu wa ke da alhakin kwashe shara? Ta tsaya tana murza bakin hijabi. Ta ciro waya ta duba, ta mayar. Ta ce Baba ba a koya mana wannan ba. Da muka koma gida ta shige ɗaki ta yi ta kuka, ni kuwa ban ga laifinta ba ko kaɗan, wanda bai taɓa zuwa rafi ba ai ba a tambayarsa zurfin ruwa.

Shekara uku fa. Kogin Kaduna yana nan ya raba garin biyu, kullum sai ta haye gada a kansa in za ta gidan yayarta a Barnawa, amma ba a taɓa kai su bakinsa sun ɗebi ruwa a kwalba sun auna ba. Sau ɗaya aka karɓi kuɗin mota wai za a fita da su ganin aiki, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, samista ta ƙare, ba tafiya ba kuɗi, kuma ba yaron da ya isa ya tambaya don kowa na tsoron a riƙe masa maki.

Ni na yi shekaru ina aiki a wata masaƙa a Kakuri kafin ta durƙushe. Da idona na sha ganin ruwan rini yana fita ta magudana, yau shuɗi gobe ja, ya bi rafi ya gangara kogi, a ƙasa kuma masu lambu na jan sa suna ba alayyafo da latas, washegari ka gan su a kasuwa shar da su. Wannan kaɗai ai darasi ne na samista guda. Yanzu a kasuwar Panteka nake, muna sayen gwangwanin lemo da tsoffin kayan alminiyom wurin 'yan bola jari mu narka mu zuba tukwane da ludayi. Ranar da nake riƙe mata takarda na ga an ɓata shafi huɗu ana bayanin sake sarrafa shara da misalin Jamus da Japan, na ce ke wannan ba shi ne abin da ubanki yake yi ya biya miki kuɗin makaranta ba? Ta yi dariya ta ce Baba ai naku ba ya cikin silabus. Kuɗin keke napep ne fa tsakaninsu da mu. Su zo mana. Ba wai don a yabe mu ba, mu ma muna da tambayoyi, akwai yara a wajenmu masu fasa tsohon batirin mota su ciri dalma da hannu ba safa ba komai, su gama su sa hannun a kwanon shinkafa da wake. Tun da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 abin nan yake damuna, ina so wani mai ilmi ya zo ya tsaya a kansu ya gaya musu da Hausa abin da take yi wa jini da ƙwaƙwalwa. Har yau dai ɗalibin da na gani shi ne wanda ya zo da takardar tambayoyi ta firojek, ya zauna a inuwa ya ce mu zaɓi A ko B, rabi ma shi ya cike da kansa, ya tafi ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Maganar Hausa kuwa, kakarta ta taɓa tambayarta wai ke me kike karantawa ne, ta yi ta kame-kame tana haɗawa da Turanci, tsohuwa ta ce au, aikin duba-gari ke nan? Duba-garin da ai ya fi, shi yana shiga gida-gida ya leƙa randa ya leƙa masai, kowa ya san shi kuma ana shakkarsa. In yaro ba zai iya yi wa kakarsa bayanin karatunsa ba ta yaya zai wayar da kan jama'ar da Dakta yake zagi? Sannan ya zo yana cewa mu daina girki da gawayi muna cinye dazuka, to shi Dakta ya san nawa ake sayar da kilon gas yanzu? Mai gabatarwa bai tambaye shi ba.

Ban ce duk malaman haka suke ba, ta ce akwai wata malama da take kawo hotunan bola da ta ɗauka da wayarta tana nuna musu a aji, Allah ya saka mata. Na kuma san ana yajin aiki, na 2022 wata takwas yayanta ya yi a gida muna kallon juna, na san aji ɗaya sai ka ga ɗalibai sun fi kujeru yawa. Amma tafiya bakin kogi da ƙafa ba ta buƙatar kasafin kuɗi.

Sai kuma layin wayarku, don Allah Malam Edita ku duba shi. Daren nan sau tara ina kira yana cewa ana magana, amma mutum uku ɗin nan da kullum su ke samu sun samu, kuma gaisuwa kawai suka yi suka miƙa wa 'yan majalisarsu ta shayi. Ga tallar maganin basir da kuke sakowa tsakiyar magana, mutum na cin tuwo. In za ku sake kawo Daktan ku sanar tun da wuri, ni da 'yata za mu zo har situdiyo, mai unguwa ma ya ce zai biyo mu da takardar koken, don har yanzu tana aljihunsa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani maƙerin tukwane daga Tudun Wada, Kaduna