Ba Ɗaya Suke Ba a Dokar Rumawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili domin yin gyara a kan maƙalar tarihin wasanni da kuka buga kwanakin baya, wadda ta yi wa mayaƙan dandali, wato giladiyato, da 'yan dambe da kokawa na daular Rum kuɗin goro, alhali dokar Rumawa ta raba su nesa ba kusa ba.

Mafi yawan mayaƙan bayi ne, ko kamammun yaƙi, ko masu laifi. Amma ko ɗa ne ya kai kansa don kuɗi, sai ya rantse cewa ya yarda a ƙona shi, a ɗaure shi, a doke shi, a kashe shi da takobi, kuma daga ranar doka ta ɗauke shi wanda mutuncinsa ya zube, ba ya zama a majalisar gari, ba ya tsaya wa wani a gaban alƙali. A shekara ta 19 miladiyya majalisar dattawa ta hana 'ya'yan manyan gidaje wannan sana'a.

Masanin shari'a Gayus, a ƙarni na 2, ya kawo mas'alar da ta fi komai fayyace lamarin. Mutum ya bayar da mayaƙa bisa sharaɗin dinari 20 kan duk wanda ya fito lafiya, ladan guminsa, da dinari 1,000 kan wanda aka kashe ko aka nakasa. Haya ce ko ciniki? Amsar ita ce, wanda ya tsira hayarsa aka yi, wanda ya faɗi kuwa an saye shi. Tamkar dai jaki ake magana a kai.

Ɗan dambe kuwa, malaman shari'a irin su Sabinus da Kasiyus sun wanke shi, suka ce don jarumta yake yi. Wani masanin shari'ar, Ulpiyan, ya ƙara da cewa idan ya kashe abokin karawarsa a gasar jama'a babu diyya a kansa, domin suna yake nema, ba cutarwa ba. A ganina hujjar tana da rauni, tun da shi ma kyauta mai tsoka yake kwasa. Duk da haka Sarki Diyokilishiyan ya ɗauke wa wanda ya ci kambu uku a manyan gasanni hidimomin gari da ake ɗora wa jama'a, muddin bai ba abokan karawarsa cin hanci ba.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya